Gine-ginen Tarihi na Alƙahira da Zayyanarsu: Karatu na Biyu ga Ɗalibin da Ya Je Masar

Tsohon birnin Alƙahira na ƙasar Masar yana cikin wuraren da suka fi tara gine-ginen Musulunci na da a wuri guda a duk duniya. A cikin 'yan unguwannin da mutum zai iya ratsawa da ƙafa akwai ɗaruruwan masallatai, makarantu, hubbarori, ƙofofin ganuwa, masaukan fatake da gidajen attajirai, waɗansunsu sun haura shekara dubu a tsaye. Wannan ne ya sa a shekarar 1979 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A tsakiyar yankin ne kuma masallacin Azhar yake, wanda sunansa ya daɗe yana janyo ɗalibai daga Kano, Katsina, Sakkwato, Damagaram, Borno da sauran sassan Afirka ta Yamma.

Alaƙar ta daɗe. Malamin tarihi Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya kawo labarin wata makaranta ta mabiya mazhabar Malikiyya a Fusɗaɗ, mai suna makarantar Ibn Rashiƙ, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta tun ƙarni na 13, domin alhazansu da ɗalibansu su sami wurin sauka. A 1324 Mansa Musa na Mali ya yada zango a birnin a kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. A cikin Azhar kanta, inda ɗaliban kowace ƙasa suke da shiyyarsu ta kwana da karatu, akwai shiyyar da aka sani da sunan Barnawa. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar Hausa har gobe, mutumin Alƙahira ne, kuma ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha kafin rasuwarsa a 1505.

Ɗaliban wannan zamani kuwa, da yawansu suna zaune ne a Madinatul Bu'us, masaukin da Azhar ta tanadar wa baƙi, ko a gidajen haya na Madinatu Nasr, inda akasarin tsangayoyin jami'ar suke tun bayan dokar 1961 da ta shigo da fannoni irin su likitanci da injiniyanci. Daga can zuwa tsohon birni sai an hau mota. Saboda haka ɗalibi yana iya yin shekara huɗu ko biyar, ya karɓi takardar shaidarsa ya koma gida, bai san komai na tsohon birnin ba sai masallacin Azhar, da na Sayyidina Husaini, da kasuwar Khan Khalili inda ake sayen tsaraba. Wannan babbar asara ce, domin babu baƙon da ya kai ɗalibin Larabci da addini cancantar fahimtar waɗannan gine-gine. Ɗan yawon buɗe ido yana kallon rubutun da ke jikin bango a matsayin ado kawai. Ɗalibi kuwa zai iya karanta shi, ya gane aya ce ko sunan sarki, ya fitar da shekarar da aka yi ginin, sannan ya haɗa abin da ya gani da abin da ya karanta a littafin tarihi ko na fiƙihu.

Tambayoyi uku ne suke buɗe wa mai kallo hanya a gaban kowane gini: da me aka gina shi, don me aka gina shi, kuma da me aka ƙawata shi. Amsoshin suna sauyawa daga daula zuwa daula. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce a bi tarihin bi da bi, daga kudu zuwa arewa, kamar yadda birnin kansa ya riƙa matsawa.

A kudu aka fara. Amr ɗan Asi, sahabin da ya ci Masar da yaƙi, ya kafa garin Fusɗaɗ tare da masallacinsa wajajen 641 zuwa 642, wanda shi ne masallaci na farko a ƙasar. An sha rushe shi ana faɗaɗawa, har babu sauran wani abu na ginin farko, amma wurin yana nan ana salla. Dab da shi akwai kufan ganuwar Rumawa ta Babila da tsofaffin majami'un Kibɗawa, Kiristocin Masar, ciki har da wadda ake kira Mu'allaƙa saboda an ɗora ta a kan ƙofar ganuwar. Wanda ya leƙa ciki zai ga shingayen katako da aka cusa wa hauren giwa cikin siffar taurari, aiki iri ɗaya da wanda zai tarar a jikin mumbarorin masallatai. Masu sana'ar birni ɗaya ne suka yi wa ɓangarorin biyu aiki tsawon ƙarnuka.

Masallaci mafi tsufa da ya rage a kamanninsa na asali shi ne na Ahmad ɗan Ɗulun, wanda aka gina tsakanin 876 da 879. Ahmad Baturke ne da ya tashi a Samarra ta ƙasar Iraƙi, aka turo shi mulkin Masar a 868, daga baya ya ci gashin kansa. Ya zo da salon garin da ya raine shi. Ba a yi amfani da dutse ba, sai jan bulo da aka yaɓe da farar filasta. Maimakon a kwaso ginshiƙan tsofaffin gidajen bauta kamar yadda aka saba a da, sai aka tada kauraran ginshiƙai na bulo, aka haɗa su da bakuna masu tsini a sama. A gefe uku na masallacin an bar fili tsakanin bango biyu, domin ya raba masu salla da hayaniyar kasuwa. Hasumiyarsa tana da matattakala ta waje mai kewaye ta tana hawa, irin wadda ake gani a Samarra, kuma babu irinta a Masar. A saman bangon akwai tagogi 128 masu raga ta filasta, da wuya a sami biyu masu zane iri ɗaya, sannan ƙarƙashin rufi akwai doguwar ɗamara ta katako ɗauke da ayoyin Alƙur'ani cikin rubutun Kufi. Kubbar da ke tsakiyar haraba ba ta zamanin Ahmad ba ce. Sarki Lajin ne ya gina ta a 1296, don cika alwashin da ya ɗauka lokacin da ya taɓa ɓuya a cikin masallacin yana kango, yana gudun masu neman ransa.

A 969 Faɗimawa suka zo daga yammacin Arewacin Afirka. Kwamandansu Jauhar ya shata sabon birni a arewa da tsofaffin garuruwan, wanda shi ne ainihin Alƙahira, ya aza harsashin Azhar a 970, aka fara Juma'a a cikinsa a 972. Azhar ta yau tarin zamunna ce a wuri guda. Zauren salla na ciki da tsohon mihirabinsa na Faɗimawa ne. Makarantu biyu da ke bakin shiga, ta Ɗaibars da ta Aƙbugha, na farkon rabin ƙarni na 14 ne. Siririyar hasumiya mai yawan sassaƙa ta Sarki Ƙaitbai ce, mai kai biyu kuma ta Sarki Ghuri, su biyun daga ƙarshen zamanin Mamalik. Babbar ƙofar shiga ta yanzu, Ƙofar Wanzamai, aikin Abdurrahman Katkhuda ne a tsakiyar ƙarni na 18. Ɗalibin da ya tsaya a tsakiyar haraba ya juya sau ɗaya ya riga ya kalli aikin shekara kusan ɗari takwas.

A ƙarshen ƙarni na 11 waziri Badrul Jamali ya sake kewaye birnin da ganuwar dutse. Ƙofofi uku nasa suna nan: Babul Futuh da Babun Nasr a arewa, na 1087, da Babu Zuwaila a kudu, ta 1092. Titin da ya haɗa Babul Futuh da Babu Zuwaila, wanda ake kira titin Mu'izz, tsawonsa kimanin kilomita ɗaya ne, kuma a kansa mafi yawan manyan gine-ginen suka jeru. A nan ne ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125 yake, wanda ya warware wata matsala da ta dame magina: titi yana bin tasa hanya, alƙibla tana bin tata. Sai maginin ya daidaita fuskar ginin da titi, ya karkata cikin zuwa alƙibla, ya ɓoye bambancin a cikin kaurin bango. Wannan dabara ta zama al'adar Alƙahira daga baya. Fuskar Aƙmar kuma tana cikin na farko da aka sassaƙa wa ado a jikin dutse ta waje. Yau sai an sauka matattakala ake shiga cikinsa, saboda ƙasar titi ta taru ta yi sama a tsawon shekaru.

Salahuddin Ayyubi ya kawo ƙarshen mulkin Faɗimawa a 1171, ya soma gina Ƙal'a, wato sansanin tsaro mai ganuwa, a kan tudu a 1176, wadda ta zama mazaunin masu mulkin Masar har cikin ƙarni na 19. Ayyubawa sun mai da hankali ga gina makarantu don ƙarfafa karatun Ahlus Sunna. Makarantar Sarki Salihu Najmuddin, ta wajajen 1243, ita ce ta farko a Masar da ta haɗa mazhabobi huɗu a gini ɗaya. Su ne kuma suka ɗora babbar kubbar katako a kan kabarin Imam Shafi'i a 1211. Akwatin katakon da ke kan kabarin, wanda aka gama a 1178, yana cikin mafi kyawun aikin sassaƙa da ya rage daga wancan zamani, kuma masassaƙin ya bar sunansa a jiki.

Zamanin Mamalik, daga 1250 zuwa 1517, shi ne ya ba Alƙahira fuskar da aka san ta da ita. Mamalik sojoji ne da aka sayo suna yara daga yankunan Turkawa da Sarkasawa, aka horar da su, aka 'yanta su, har suka riƙe sarauta. Dukiyarsu ta fito daga noman bakin Nilu da cinikin kayan yaji tsakanin Indiya da Turai. Amma mulkinsu ba shi da tabbas, kuma dukiyar wanda ya faɗi takan koma hannun wanda ya hau. Mafita ita ce waƙafi. Sarki ko hakimi zai gina makaranta ko masallaci haɗe da hubbarensa, ya tsayar masa da gonaki da shaguna, ya rubuta albashin limami, ladan, malamai, ɗalibai da masu shara, ya kuma ware wa iyalinsa rabo. Ta haka neman lada da neman suna da kare dukiya suka haɗu a gini ɗaya.

Ginin Sarki Ƙalawun a titin Mu'izz, na 1284 zuwa 1285, misali ne bayyananne. Ya haɗa makaranta, hubbare da asibitin da ake duba marasa lafiya kyauta, kuma har yanzu akwai asibitin ido a harabar. Cikin hubbaren an lulluɓe bango da gutsattsarin dutsen mabul masu launi da ɓawon kumba mai ƙyalli, haske yana shigowa ta gilasai masu launi. Maƙwabcinsa, makarantar ɗansa Nasir Muhammad, tana da ƙofar da ta sha bamban da sauran, domin daga wata majami'ar mayaƙan Turai ta birnin Akka aka ciro ta bayan an ci garin a 1291.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce makarantar Sarki Hasan da ke gindin Ƙal'a, wadda aka fara a 1356 aka kammala a 1363. An gina ta ne 'yan shekaru bayan annobar 1348 da ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, kuma wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dukiyar waɗanda suka mutu ba magada. Ƙofarta ta kai tsayin mita 38. Wanda ya shiga sai ya bi ta wani lungu mai duhu mai lanƙwasa, sannan kwatsam ya ɓulla a buɗaɗɗiyar haraba da manyan rumfuna huɗu suka kewaye, mafi girmansu ita ce ta alƙibla. A kusurwoyi huɗu akwai ƙofofi zuwa makarantun Malikiyya, Shafi'iyya, Hanafiyya da Hanbaliyya, kowace da harabarta da ɗakunan ɗalibanta hawa-hawa. A rumfar alƙibla an zagaya bango da ayoyi cikin manyan haruffan Kufi na filasta, a kan shimfiɗar furanni da salonsu ya zo daga ƙasar Sin. A 1361 wata hasumiya da ake ginawa a kan ƙofar ta faɗo ta kashe ɗaruruwan mutane, a shekarar kuma aka kashe sarkin, ba a ma binne shi a hubbaren da ya gina wa kansa ba. Ƙyauren tagulla na ƙofar ma ba ya wurin, domin Sarki Mu'ayyad ya ɗauke shi a ƙarni na 15 ya kai nasa masallacin kusa da Babu Zuwaila. Daura da makarantar akwai masallacin Rifa'i, wanda aka gina tsakanin 1869 da 1912 cikin kwaikwayon salon Mamalik. Kwatanta su biyun yana koya wa ido bambance tsohon aiki da sabo.

Wanda yake son ganin yadda sana'a take nuna a hankali, sai ya nufi maƙabartar arewa ya kalli kubbobin dutse. Na farko-farko da kunya-kunya kawai aka yi musu ado. A ginin Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ, na farkon ƙarni na 15, layukan suka zama masu zarya sama da ƙasa. A zamanin Sarki Barsbai aka shimfiɗa taurari a jikin kubba. A kubbar Ƙaitbai ta 1474 kuwa aka ɗora zane biyu a kan juna, ragar taurari da reshen furanni, kowane yana ƙanƙancewa daidai gwargwado yayin da kubbar take tsukewa zuwa sama. Wannan lissafi ne mai wuya, kuma da guduma da kurfi aka aiwatar da shi. Hoton masallacin Ƙaitbai mai wannan kubba ne a jikin takardar fam ɗaya ta Masar.

Da Turkawan Usmaniyya suka ci Masar a 1517, Alƙahira ta koma lardi, salon Istanbul ya shigo da siraran hasumiyoyi masu tsinin kai da faffaɗan kubbobi. Masallacin mai mulkin Masar Muhammad Ali da ke saman Ƙal'a, wanda aka gina daga 1830 zuwa 1848, shi ne mafi shahara a wannan salo. Amma abin da ya fi yawa daga wannan zamani ƙananan gine-gine ne na amfanin jama'a, musamman sabil: ɗakin ƙasa wurin raba ruwan sha kyauta, bene kuma makarantar allo ta yara, galibi marayu. Na Katkhuda, na 1744, yana tsaye a inda titin Mu'izz ya rabu biyu, an manna wa cikinsa tayil masu launin shuɗi har da hoton Ka'aba.

Gidajen zama ma suna da nasu darasi. Gidan Suhaimi, wanda aka fara a 1648 aka ƙara faɗaɗa shi a 1796, yana nuna yadda aka yi maganin zafi da idon jama'a ba tare da lantarki ba. Mashigarsa a lanƙwashe take, kamar yadda zaure yake tsare cikin gida daga idon mai wucewa a ƙasar Hausa. A tsakiya akwai fili mai itatuwa. Rumfar hira tana fuskantar arewa, inda iska mai sanyi take fitowa, a kan rufi kuma akwai bututun da yake kamo iskar ya sauko da ita cikin ɗakuna. Tagogin mashrabiyya ne, wato raga ta ƙananan gutsattsarin katako da aka fiƙe aka sarƙa, mai rage kaifin rana, mai barin iska ta wuce, wadda na ciki yake ganin waje ta cikinta amma na waje ba ya ganinsa.

Zayyanar da ta lulluɓe duk waɗannan gine-gine tana da rassa uku. Na farko rubutu. A ƙarnukan farko Kufi ne, mai miƙaƙƙun haruffa, daga baya Mamalik suka fifita Sulus, mai dogayen alifai da lamai. Ba a zaɓen aya da ka. A ƙofar masallaci akan sa ayar Suratut Tauba da ta yi magana kan masu raya masallatai, a jikin fitila ayar haske ta Suratun Nur, a sabil kuma ayoyin da suka ambaci abin sha na Aljanna. Tare da ayoyin akan rubuta sunan mai ginin, laƙabobinsa da shekarar Hijira. Hakiman Mamalik kuma suna da tambari da ke nuna muƙaminsu a fada: ƙoƙo ga mai shayar da sarki, gidan alƙalami ga magatakarda.

Reshe na biyu shi ne zanen lissafi. Da da'ira ake farawa, a raba ta kashi-kashi da zare ko na'urar zana da'ira da abin ja layi, a fitar da taurari masu tsini takwas, goma, goma sha biyu ko goma sha shida, layukansu su miƙe su haifi waɗansu taurarin ba iyaka. A jikin mumbari da ƙyaure ba zanawa ake yi a kan faffaɗan allo ba. Kowane yanki daban ake yanka shi, a cusa shi cikin ɗan'uwansa ba tare da ƙusa ko gam ba. Dalili biyu ne: katako mai kyau ya yi ƙaranci a Masar, don haka ko guntu ba a yarwa, sannan ƙananan yankuna suna iya kumbura su tsuke da sauyin yanayi ba tare da sun tsage ba. Reshe na uku shi ne zanen ganye da reshe, mai murɗewa yana tsirowa daga kansa. A kan waɗannan akwai muƙarnas, wato ƙananan ramuka jere bisa jere da ake cika saman ƙofa ko kusurwar kubba da su, da kuma jera dutse fari da ja ko baƙi layi-layi a jikin bango.

A wuraren ibada an kauce wa surar mutum da dabba, amma a fada da gidaje akwai su. Gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ, wanda aka buɗe gininsa a 1903, yana ajiye da katakan fadar Faɗimawa masu hoton mafarauta, makaɗa da barewa. A can ne kuma ake ganin fitilun gilashi na masallatan Mamalik masu rubutu da launi, da tasoshin tagulla da aka cusa wa azurfa da zinariya, sana'ar da ta bunƙasa a Alƙahira bayan maƙera sun yi ƙaura daga Mausil da wasu garuruwan gabas saboda hare-haren Mongol. Waɗansu sana'o'in ba su mutu ba. A rufaffiyar kasuwar Khayamiyya, wajen Babu Zuwaila, har yau maɗinka suna zaune suna ɗora yankakken ƙyalle a kan ƙyalle da allura, suna fitar da zanen da ke jikin bango a jikin labule da rumfunan biki.

Waɗannan gine-gine suna fuskantar barazana. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da yoyon bututu suna hawa jikin dutse da gishiri, suna cin sa daga tushe. Girgizar ƙasa ta watan Oktoba na 1992 ta tsaga da yawa daga cikinsu. A Janairun 2014 bam ɗin da aka tayar a kusa ya yi wa gidan kayan fasahar mummunar ɓarna, sai a 2017 aka sake buɗe shi. A 'yan shekarun nan kuma rushe sassan tsofaffin maƙabartu don shimfiɗa tituna ya jawo suka daga masana a ciki da wajen Masar. A ɗaya gefen, aikin ceto ya daɗe. Tun 1881 aka kafa kwamitin kula da gine-ginen, wanda ya yi musu rajista ya auna su ya gyara da dama. Lambun Azhar, da gidauniyar Aga Khan ta buɗe a 2005 a inda yake juji a da, ya tono wani dogon ɓangare na ganuwar Ayyubawa, ya kuma horar da matasan unguwar Darbul Ahmar aikin dutse da katako. Gyara kansa yana da muhawara: aikin da aka yi wa masallacin Hakim wajajen 1980, inda aka shimfiɗa sabon mabul, ya sha suka daga masu ganin an shafe tsohuwar kamarsa.

Ɗalibin da yake son cin moriyar wannan gado ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Masallatai da dama a buɗe suke ga mai salla, wuraren da ake biya kuma ana yi wa mai katin ɗalibi rangwame. Abin da ake bukata shi ne tsari: gini ɗaya ko biyu a kowace fita, da sassafe kafin zafi da cunkoso, a bi su bisa jerin zamaninsu. Littafin Khiɗaɗ na Maƙrizi, wanda ya bi birnin unguwa-unguwa, yana nan a shagunan littattafai na bayan Azhar, kuma karanta babin gini kafin a je gare shi yana ninka amfanin ziyarar. Kwafe rubutun bango a littafi da gwada zana tauraro ɗaya da hannu sun fi ɗaukar hotuna barkatai koyarwa. A kiyaye lokutan salla da alfarmar maƙabarta, a kuma nemi izinin mai sana'a kafin a ɗauki hotonsa.

Amfanin wannan ilimi yana biyo ɗalibi har gida. Ƙasar Hausa tana da nata gadon gini na tubali, azara da makuba: masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, hasumiyar Gobarau ta Katsina, ganuwa da ƙofofin Kano, da tsohon garin Agadas da ya shiga jerin UNESCO a 2013. Tana kuma da zayyanarta a jikin soraye, alluna da Alƙur'anai na hannu. Ƙasa ba ta jure ruwan sama kamar dutse, saboda haka ginin ƙasa ya fi bukatar kulawa a kai a kai. Abin da ya dace a koyo daga Alƙahira ba kwafo siffar hasumiyarta ba ne, a'a, hanyoyin da suka tsare ta ne: a rubuta sunan magini da shekarar gini, a auna tsofaffin gine-gine a yi musu rajista kafin su zube, a tsayar musu da waƙafin da zai riƙa biyan kuɗin gyara, a kuma ba magina da masu zayyana na gargajiya aikin yi, domin su sami dalilin koya wa na baya.